Shin gwamnati na da ikon korar baƙo don ya tsoma baki a siyasarta?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne, ina karatu a ƙasar waje. Ina da aboki a nan wanda ya gudo daga ƙasarsu saboda adawa da gwamnati, aka ba shi mafaka. Yanzu ya fara shiga zanga-zangar 'yan ƙasar nan, yana rubutu a kan shugabanninsu, har yana so ya ja mu. Wasu sun ce za a iya tasa ƙeyarsa, wasu sun ce doka ta hana. Wanne ne gaskiya?

Amsa: Ɗan'uwa, kowane ɓangare ya riƙo wani abu na gaskiya, sai dai sun cakuɗa tambayoyi uku wuri guda. Ko gwamnati na da ikon ta ce baƙo ya fita, wannan ɗaya. Ta wace hanya za ta fitar da shi, wannan biyu. Ina za ta kai shi, wannan uku. A ta farko gwamnati ke da rinjaye kusan ko'ina a duniya. Kariyar abokinka tana cikin ta biyu da ta uku, kuma ta ukun ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba.

Dokar ƙasa da ƙasa ta daɗe da yarda cewa kowace ƙasa ita ke zaɓen wanda zai shigo mata da wanda zai zauna. Ɗan ƙasa zamansa haƙƙi ne. Sashe na 41 na tsarin mulkin Najeriya na 1999, alal misali, ya ce ba a korar ɗan Najeriya daga Najeriya, ba a kuma hana shi shigowa. Baƙo kuwa zamansa izini ne, kuma wanda ya ba da izini yana iya janyewa. Hausawa sun riga lauyoyi faɗar haka da suka ce baƙo raɓa ne.

Amma wannan bai nuna cewa baƙo bebe ne ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan 'yancin jama'a da na siyasa ta yi wani rabo da ya kamata ka riƙe. Inda take maganar jefa ƙuri'a da tsayawa takara da riƙe muƙamin gwamnati, a sashe na 25, cewa ta yi "kowane ɗan ƙasa". Inda take maganar faɗar albarkacin baki, a sashe na 19, cewa ta yi "kowa". Ke nan a rubuce, baƙo ba zai yi zaɓe ba, ƙasashe da yawa sun kuma hana shi zuba wa ɗan takara kuɗi, amma yana da bakin magana kamar kowa. Matsalar ita ce tsakanin jefa ƙuri'a da faɗar ra'ayi akwai fili mai faɗi: riƙe kwali a zanga-zanga, sa hannu a takardar koke, rubutu a jarida, hawa mumbarin taron 'yan adawa. A wannan filin ake kama mutane, domin kalmar "tsoma baki" kamar roba take, minista ke miƙa ta iya tsawon da yake so.

Wasu ƙasashe ba su ma ɓoye ba. Sashe na 33 na tsarin mulkin Meziko na 1917 ya faɗa ƙarara cewa baƙi ba za su shiga harkokin siyasar ƙasar ta kowace fuska ba, kuma shekaru da dama shugaban ƙasa na iya korar baƙo nan take ba tare da shari'a ba. Sai a gyaran 2011 aka ƙara sharaɗin a fara sauraren mutum. Ko Leon Trotsky, ɗan juyin juya halin Rasha da aka kora daga Tarayyar Sobiyet, da Shugaba Cardenas ya ba shi mafaka ya isa can a 1937, sai da ya yi alkawarin ba zai shiga siyasar Meziko ba. Turai ma, wadda ake yawan kafa misali da ita, ta bar wannan ƙofa a buɗe: sashe na 16 na yarjejeniyarta ta haƙƙin ɗan'adam ya ce ba a hana ƙasa taƙaita harkokin siyasar baƙi ba.

Bari in kawo maka abin kusa da gida, domin mu ma mun ɗanɗana, kuma a nan ne za ka ga yadda abin ke gudana a aikace.

A 1957, watanni kaɗan bayan Gana ta sami mulkin kai, gwamnatin Kwame Nkrumah ta kafa dokar korar baƙi. Cikin waɗanda aka fara da su akwai Bankole Timothy, ɗan jarida ɗan Saliyo da ke aiki da Daily Graphic yana sukar Nkrumah, da manyan zangon Kumasi biyu, Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Ladan, jagororin jam'iyyar Musulmi da ke tare da 'yan adawa. Dattawan biyu suka garzaya kotu suna cewa su ba baƙi ba ne, 'yan Gana ne. Shari'a na gaban alƙali sai majalisa ta yi wata doka ta musamman, da sunayensu a jikinta, ta rufe maganar, aka turo su Najeriya. Ka lura da abin da ya faru: kafin a zo ga tambayar ko baƙo na da ikon yin siyasa, an fara da maida ɗan adawa baƙo.

Shekara ashirin da 'yan kai bayan haka muka maimaita irinta. A watan Janairun 1980 aka ɗauki Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Borno ƙarƙashin jam'iyyar GNPP mai adawa da gwamnatin tarayya, aka tsallaka da shi Chadi bisa takardar da ministan harkokin cikin gida na gwamnatin tarayya ta jam'iyyar NPN, Bello Maitama Yusuf, ya sa wa hannu. Hujjar ita ce wai ba ɗan Najeriya ba ne. Babbar kotu a Maiduguri ta ce ɗan Najeriya ne, korarsa haramun ce, ta kuma ba shi diyya, gwamnati ta ɗaukaka ƙara ba ta yi nasara ba. Shi Shugaba ya dawo, domin da zarar an tabbatar ɗan ƙasa ne, magana ta ƙare.

Wanda bai dawo aikinsa ba shi ne Dokta Patrick Wilmot, haifaffen Jamaika, wanda ya shekara goma sha takwas yana koyar da ilimin zamantakewa a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Mutum ne mai kaifin harshe a kan mulkin soja da mulkin wariyar launin fata na Afirka ta Kudu. A watan Maris na 1988, zamanin Janar Babangida, jami'an tsaro suka ɗauke shi suka sa shi a jirgin Landan. Ba a gurfanar da shi gaban kowace kotu ba. Duk daɗewarsa da tarin ɗalibansa, a idon takarda baƙo ne. Har yau dokar shige da fice ta Najeriya ta 2015 ta bar wa minista ikon korar baƙo idan yana ganin hakan maslahar jama'a ce, kuma za ka sami kwatankwacin wannan jimla a dokar kusan kowace ƙasa, har da wadda kake zaune ciki.

Abin da ya sa gwamnatoci ke son wannan hanya a bayyane yake. Idan za ka ɗaure mutum, sai ka kawo laifi, ka kawo shaidu, ka gamsar da alƙali. Idan za ka kore shi, a yawancin dokoki ba a ɗaukar korar a matsayin horo, ana ɗaukarta aikin ofis ne kamar ƙin sabunta biza, saboda haka nauyin hujja ya ragu ƙwarai. Labarin Kemi Seba, ɗan gwagwarmaya haifaffen Faransa mai asali da Benin, wanda mutanen Nijar suka sani sosai, ya nuna haka ƙarara. A watan Agustan 2017 ya ƙona takardar jaka biyar ta sefa a bainar jama'a a Dakar don adawa da kuɗin. Aka kai shi kotu, kotu ta sallame shi. Bayan 'yan kwanaki, a watan Satumba, hukuma ta ce zamansa barazana ne ga zaman lafiya, aka sa shi a jirgin Faransa. Abin da alƙali ya ƙi yi, ofis ya yi da sa hannu ɗaya.

To ina doka ta taka wa gwamnati birki? Wuri na farko shi ne hanyar da ake bi. Sashe na 13 na waccan yarjejeniya ta 1966 ya ce baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida ba a korarsa sai da shawarar da aka yanke bisa doka, a bar shi ya kawo dalilansa, wata hukuma ta sake duba lamarin, ya kuma sami mai wakiltarsa. Sai dai an rataya masa wata wutsiya: in ban da inda ƙwaƙƙwaran dalilin tsaron ƙasa ya hana. Ta wannan wutsiya gwamnatoci ke zamewa. Yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin ɗan'adam ta 1981 ita ma, a sashe na 12, ta ce sai bisa doka, ta kuma haramta korar jama'a a dunƙule saboda ƙasarsu ko ƙabilarsu ko addininsu, irin wadda mutanen zango suka gani a Gana a 1969, 'yan Gana kuma suka gani a Najeriya a 1983.

Shari'ar da nake ganin ta fi dacewa da tambayarka ita ce ta Farfesa Kenneth Good. Ɗan Ostareliya ne, ya shekara kusan goma sha biyar yana koyar da kimiyyar siyasa a Jami'ar Botswana. A watan Fabrairun 2005, bayan shi da wani abokin aikinsa sun rubuta maƙala suna sukar yadda shugaban ƙasa ke miƙa wa mataimakinsa mulki a Botswana, Shugaba Festus Mogae ya ayyana shi baƙon da ba a so. Dokar ƙasar ta ce shugaba ba sai ya faɗi dalili ba, kotu kuma ba ta da hurumin tambayarsa. Ya sha kaye a kotunan ƙasar, a ƙarshen watan Mayu aka fitar da shi, ya bar 'yarsa tana makaranta. Ya kai ƙara hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta Afirka da ke Banjul, kuma a 2010 hukumar ta ba shi gaskiya: ta ce sukar da ya yi irin wadda ake tsammani ce daga malamin jami'a, kasancewarsa baƙo bai cire masa 'yancin magana ba, kuma ambaton tsaron ƙasa kawai ba ya isa ya rufe ƙofar kotu. Hukunci mai kyau, ana kafa hujja da shi har gobe. Amma shekara biyar ya zo bayan jirgi ya tashi, kuma Botswana ta ce hukumar ba kotu ba ce, ba za ta bi ba. Irin wannan aka gani a Zambiya, inda aka kwashi William Banda da John Chinula na jam'iyyar adawa ta UNIP aka kai Malawi a 1994. Kafin hukumar ta ce an zalunce su a 1999, Chinula ya rasu a can. Ihu bayan hari ke nan.

Kada ka ɗauka abin na Afirka ne kaɗai. A ranar 8 ga Maris 2025 jami'an shige da fice na Amurka suka kama Mahmoud Khalil, Bafalasɗine mai katin zama na dindindin, wanda ya yi fice a zanga-zangar Gaza ta Jami'ar Columbia. Ba a tuhume shi da aikata laifi ba. An dogara ne da wani sashe na dokar shige da fice ta 1952 da ya ba sakataren harkokin waje damar cewa zaman wani baƙo na iya cutar da manufofin ƙasar a ƙetare. Ya yi sama da wata uku a tsare a Luwiziyana, har matarsa ta haihu ba ya nan, sai a watan Yuni alƙali ya ba da umarnin sakinsa. A cikin watan Maris ɗin aka kama Rumeysa Ozturk, ɗaliba 'yar Turkiyya a Jami'ar Tufts, wadda abin da aka iya nunawa a kanta shi ne wani sharhi da ta rubuta tare da wasu a jaridar ɗalibai. Ita ma kotu ce ta sake ta a watan Mayu. A ƙarshen Satumban 2025 wani alƙalin tarayya a Boston, William Young, ya yanke cewa baƙin da ke zaune bisa ƙa'ida suna da 'yancin magana irin na 'yan ƙasa. Wannan ba sabon zance ba ne a can, kotun ƙolinsu ta faɗi haka tun 1945 a shari'ar Harry Bridges, shugaban ma'aikatan tashar jiragen ruwa ɗan Ostareliya. Amma kotun nan ce a 1952 ta amince da korar mutanen da suka taɓa zama 'yan jam'iyyar kwaminis. Harshe biyu dokar ke da shi, kuma kowace gwamnati na zaɓen wanda ya yi mata daɗi.

Akwai wani abu a shari'ar Khalil da nake so ka gaya wa abokinka. Bayan an kama shi, sai gwamnati ta ƙaro hujja ta biyu, cewa ya bar wasu bayanai bai rubuta ba lokacin neman katin zama. Wannan dabara ce da ta zama ruwan dare. Ba kasafai ake rubuta wa mutum "mun kore ka don ka yi magana" ba. Tsohon fayil ake ɗaukowa a kaɗe masa ƙura: bizar da ta wuce wa'adi da kwana goma, aikin da aka yi ba izini, adireshin da aka canja ba a sanar ba.

Yanzu ga tambaya ta uku, inda abokinka ya fi ka kariya. Tunda an ba shi mafaka, yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ta rufe shi, in dai ƙasar ta sa hannu. Sashe na 32 ya ce ba a korar ɗan gudun hijira sai bisa dalilin tsaron ƙasa ko zaman lafiyar jama'a, a bi hanyar doka, a kuma ba shi lokaci ya nemi wata ƙasar da za ta karɓe shi. Sashe na 33 ya hana maida shi inda rayuwarsa ko 'yancinsa ke cikin haɗari. Shi ma yana da togiya, ga wanda ya zama haɗari ga tsaron ƙasar ko aka same shi da babban laifi. Amma yarjejeniyar hana azabtarwa ta 1984, a sashe na 3, ba ta bar ko tsaga ba: inda akwai ƙwaƙƙwaran dalilin cewa za a azabtar da mutum, ba a kai shi, ko me ya aikata. Birtaniya ta gwada da Karamjit Singh Chahal, ɗan gwagwarmayar mabiya addinin Sikh da ta so maida wa Indiya da sunan tsaro. Kotun Turai ta hana a 1996, bisa irin wannan ƙa'ida da ke cikin yarjejeniyar Turai. Ya ci shari'a, amma bayan ya shafe shekara shida a tsare.

Mafaka dai ba lasisin siyasa ba ce. Yarjejeniyar 1951 ɗin ta ɗora wa ɗan gudun hijira bin dokokin masu masaukinsa, kuma inda ta ba shi 'yancin shiga ƙungiya, ƙungiyoyin da ba na siyasa ba ta ambata, da na ƙwadago. Ta Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969 ta fi tsanani: sashe na 3 ya wajabta wa ƙasashe su hana 'yan gudun hijira kai wa wata ƙasar Afirka hari, ko da makami, ko ta jarida, ko ta rediyo. Shugabannin wancan zamani suna tsoron juna ne, kowa na gudun kada maƙwabcinsa ya yi kiwon 'yan adawarsa.

Wannan ya kawo ni ga haɗarin da mutane ba su cika lura da shi ba. Sau da yawa ba siyasar masu masauki ke jawo wa ɗan adawa kora ba, siyasar gida ce ke biyo shi, ranar da gwamnatocin biyu suka shirya. Ayatullahi Khumaini ya shekara goma sha uku a Najaf yana sukar Sarkin Iran, da Bagadaza ta ga zamansa na ɓata mata sulhun da ta yi da Tehran sai ta matsa masa ya fita a watan Oktoban 1978, Kuwait ta ƙi karɓarsa, ya ƙare a wani ƙauye kusa da Paris. Shi ya yi sa'a. A watan Janairun 2018 aka kama Sisiku Ayuk Tabe da wasu jagororin 'yan a-waren yankin masu Turancin Ingilishi na Kamaru a wani otal a Abuja, kafin watan ya ƙare an miƙa mutum 47 ga Yawunde, alhali cikinsu akwai masu takardar gudun hijira da masu neman mafaka. A watan Maris na 2019 babbar kotun tarayya a Abuja ta ce abin da aka yi ya saɓa doka, a dawo da su. A watan Agustan shekarar kotun soja a Kamaru ta yanke wa Ayuk Tabe da mutum tara ɗaurin rai da rai. Idan abokinka ya ɓata wa masu masaukinsa rai a daidai lokacin da gwamnatin ƙasarsu ke roƙon a ba ta shi, ya haɗa wa kansa wuta biyu.

Ra'ayina: korar mutum don ya yi magana cikin lumana zalunci ne, ko da doka ta ba da ƙofa, kuma yawanci alamar raunin gwamnati ce. Na yarda ƙasa ta hana baƙo zaɓe da takara da zuba kuɗi a jam'iyya, ta kuma kori wanda ya ɗauki makami ko yake yi wa wata gwamnati aiki a ɓoye. Amma mutumin da ke biyan haya da haraji, 'ya'yansa na makarantar unguwa, ɗan sandan ƙasar na iya tare shi a hanya, ba za a ce siyasar wurin ba ta shafe shi ba. Wannan ra'ayi ne, ba zai tsayar da jami'in shige da fice a bakin ƙofa ba.

Abin da zai yi wa abokinka amfani shi ne ya san ainihin takardar da ke hannunsa, domin wanda aka riga aka ba mafaka daban, wanda ke jiran amsa daban. Ya nemi lauyan shige da fice tun yanzu ya karanta masa sharuɗɗan zamansa, ya haddace lambarsa, ya ajiye kofen takardunsa wurin wani amintacce. Duk abin da ke nuna haɗarin da ke jiransa a gida, sammaci ne ko barazana ko labarin jarida, ya tattara wuri guda, don ranar da aka zo ba za a ba shi lokacin nema ba. Idan an kama shi, kada ya sa hannu a takardar da bai fahimta ba, musamman mai cewa ya yarda ya tafi don kansa, kuma abu na farko da lauya zai nema shi ne umarnin kotu na dakatar da tafiyar.

Kai kuma, ɗan'uwa, matsayinka ya fi nasa rauni ta fuskar zama. Ba ka da hujjar cewa komawa gida haɗari ne gare ka, saboda haka soke bizar ɗalibi kawai ya isa, wani lokaci ba tare da an ce maka uffan ba sai ka je sabuntawa. Kafin ka bi shi filin zanga-zanga, ɗauko takardar bizarka da yarjejeniyar tallafin karatunka ka karanta, domin wasu masu ba da tallafi sun rubuta sharaɗin nisantar siyasa a ciki, kuma da hannunka ka sa hannu.